Wa Zai Kama Sunan Yakaka?

Hayaƙin banda ya cika tsakar gida da hantsi. Iya Yakaka na zaune gaban murhu tana juya tarwaɗa a kan ragar ƙarfe, surukarta Zulaihat kuma na tsugune a gefe da waya, tana ɗaukar hannuwan tsohuwar kawai.

"Iya, ɗan ɗaga ta sama su ga yadda ta yi ja."

"Ke dai ba kya gajiya da wannan abin naki," in ji Yakaka, amma fa ta ɗaga, har da juya ta gefe da gefe.

Shekara arba'in Yakaka na kyafa kifin masuntan Auyo a nan Hadejia. Dillalai su zo su kwasa a kwali, su kai Kano, su kai Legas, ba wanda ya taɓa tambayar hannun wa ya yi aikin. Sai da autanta Abdulfattah ya auro Zulaihat, mai difloma a harkar kasuwanci, aka buɗe shafin Bandar Yakaka a Fesbuk da TikTok. Yarinyar nan ta iya aikinta, wallahi. Kowane kwament da kanta take amsawa. Ranar da kogi ya cika ya hana kamun kifi, sai ta fito ta ce yau babu kifi, a yi haƙuri. Cikin wata takwas mutum dubu goma sha biyu suka bi shafin.

Abu ɗaya ne ba ta yi. Sunan yana rubuce a shafi, yana jikin sitikar kwali, amma bakinta bai taɓa furta shi ba. Ina matar ɗa ta isa ta kama sunan uwar mijinta? A bidiyo kullum "kifin Iya" take cewa.

To, ta nan wani mara tsoron Allah ya shigo. Ya buɗe shafi ya sa masa Bandar Iya, ya kwashe bidiyoyin Zulaihat, ya riƙa aika wa mutane kifi mai ƙwari.

Ranar Litinin Zulaihat tana layif, mutum ɗari huɗu na kallo, sai wata mata ta rubuto: "Ba ku ne masu kifin Iya ba? Ruɓaɓɓe kuka aiko min. Tsohuwar taku macuciya ce."

Nan da nan wasu suka bi bayanta da zagi. Zulaihat ta dubi hannuwan da wuta ta gasa shekara arba'in, zuciyarta ta tafasa.

"Ku saurare ni," ta ce. "Mai wannan hannun sunanta Yakaka. Yakaka ta Hadejia. Duk kwalin da babu sunan Yakaka a jikinsa, ba namu ba ne."

Sau uku! Sai da ta kashe wayar ta gane abin da ta yi. Yakaka ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da juya kifinta.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga guruf ɗin dangi. Gwaggo 'Yar'azumi, yayar marigayi mahaifin Abdulfattah, ta faɗo gidan mayafi a kafaɗa, ko sallamar kirki babu.

"Ina mara kunyar? Abdulfattah, matarka ta kama sunan uwarka gatsal a gaban duniya, kana zaune kana kallo?"

"Gwaggo, zagin Iya ake yi, ita kuma ta—"

"Rufe min baki! Ni da na girmi ubanka, har uwar mijina ta koma ga Allah ban taɓa faɗin sunanta ba, ko a ɗaka. Yau ta kama suna, gobe zagi ne. Ranar Juma'a dangi za su zauna. Ka zo da takardarta a aljihu."

Abdulfattah ya durƙusa. "Gwaggo, duk hukuncin da kuka yanke mata zan tsaya ta ɗauka. Amma takarda kam, ba zan rubuta ba."

"Za mu gani," in ji Gwaggo, ta fice.

Zulaihat ta rarrafa gaban surukarta tana kuka, ta ajiye wayar kusa da ƙafarta.

"Iya, na yi laifi. Ga ta nan, in kin ce a goge shafin, yau za a goge."

Yakaka ta ɗauki wayar ta ƙulle a bakin zanenta. Ta koma kan kifinta.

Kwana huɗu shafi shiru. Zulaihat ta ci gaba da wanke kifi da kawo ice kamar kullum, ba ta kai ƙara gidansu ba, ba ta mayar wa kowa magana ba. Shirun Iya ne ya fi komai ci mata rai, har ta rame.

"Yaya, in Iya da kanta ta ce in tafi fa?" ta tambayi mijinta ranar Alhamis, yana shirin fita kasuwa.

"Sai in bi ki biko kullum har a gaji da ganina a ƙofar gidanku," ya ce, yana share mata hawaye da hannun rigarsa. "Zulai, ni fa da na ga bidiyon nan alfahari na ji. Ba dai zan faɗa a gaban Gwaggo ba."

Ta yi dariya cikin kuka.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a dangi suka cika tsakar gida. Gwaggo ta yi ta zuba, har da rantsuwa. Da ta gama, Yakaka ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa ɗanta wayar.

"Auta, ni ban iya boko ba. Karanta min abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin abin nan."

Ya fara karantawa. Wata daga Jahun ta ce ranar bikinta da kifin Yakaka aka yi miya, ashe tsohuwar na nan da rai. Wani direba daga Miga ya ce shekara goma yana ɗaukar kwalayen nan, sai yau ya san mai su. Ita ma matar da ta yi zagin ta dawo ta rubuta: "Mama Yakaka, ki yafe min, ɓarawo ne ya yaudare ni." Mutane sun taru sun kai rifot, har an rufe shafin ƙarya.

Yakaka ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Yaya," ta ce wa Gwaggo, "gaskiyarki, ba a kama sunan suruka, kuma yarinyar ta san ta yi kuskure. Kwana huɗun nan ina kallonta, ko tsaki ba ta yi ba. Amma shekara arba'in kifina na yawo a duniya da sunan dillalai. Ranar da aka ce min macuciya, ku duka kuna da waya. Wa ya tanka? Ita kaɗai. Ba inda za ta je."



"Amma ba za ki ƙara ba," Yakaka ta ce wa Zulaihat. "Kunna abin naki. Wannan karon ki haska fuskata."

Zulaihat ta karɓi wayar ta danna layif. Tsohuwar ta gyara ɗaurin kallabinta, ta miƙe zaune, ta dubi wayar ido cikin ido.

"Assalamu alaikum. Ni ce Yakaka, mai bandar kifi a Hadejia. Wannan da kuke jin muryarta kullum 'yata ce. Duk abin da ta faɗa muku, ni na faɗa."

Tun daga ranar haka ake buɗe kowane bidiyo: Yakaka ta faɗi sunanta da bakinta, Zulaihat ta ɗora da "kifin Iya". Gwaggo kuwa yanzu ita ce kan gaba wajen tura bidiyoyin, tana gaya wa kowa ai matar ɗansu ce ke yi.

'Yan'uwana mata, ku duba. Da Zulaihat ta ɗaga kai ta ce ai ita ce mai gaskiya, da ta rasa gidan, da shafin ma. Ta kare mutuncin surukarta, sannan ta sunkuya ta haƙura har gaskiyarta ta fito daga bakin wadda ta isa ta faɗa. Yau Hadejia kaf ta san sunan Yakaka, yara ma suna rera shi a layi. Mutum ɗaya ce ba ta kama shi, kuma ita ce ta kai shi duniya.