Hannun da Ya Sauke Garkuwa

"Kyaftin, ja baya kaɗan, akwai jiragen Kuraye uku a bayan wancan dutsen," in ji Auta, hedifon a kunne, maus a hannun hagu, yatsun dama suna rawa a kan kibod.

Umma tana ninke kaya a kan doguwar kujera. Ta daɗe da daina tambayar su wane ne Kuraye, ita dai ta san ba sa shigowa gida. Yaya kuwa shayinsa yake kurɓa a tsaye, yana yi wa laftof ɗin kallon hadarin kaji.

"Wannan fankar taki sai ka ce injin markaɗe," ya ce. "Kawo na tafi da ita shago, kafin yamma na gyara miki."

Auta ta cire hedifon tana murmushi har kunne. Yaya mai gyaran waya da kwamfuta ne, kuma tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan, amma bai taɓa cewa uffan na alheri a kan gem ɗinta ba sai yau. Baiwar Allah, sai ta ɗauka ya fara saukowa.

Gem ɗin na jiragen sararin samaniya ne, ana buga shi da dubban mutane a lokaci guda, kuma dokarsa mai zafi ce: abin da aka farfasa ya tafi ke nan, babu maɓallin dawo da shi. Su arba'in ne a rundunarsu, sun shekara uku suna haƙo ƙarfe daga duwatsun sama har suka gina tashar da suka sa wa suna Inuwa. Garkuwa ce ke kare tashar daga Kuraye, rundunar abokan gabarsu, kuma mutum biyu kawai ke riƙe da makullinta: Kyaftin, malamin lissafi a wata sakandare, sai Auta, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini. A gem ɗin suka haɗu, a can suka yi faɗan farko a kan wanda ya fi iya tuƙi, daga baya suka ga juna ido da ido, abu ya zama babba. Saura mako biyu iyayensa su zo su zauna da Yaya a kan maganar aure.

"Ƙato da gemu yana harbin taurari," Yaya ya saba cewa. "Wannan ne zai riƙe gida?"

Ita kuma don ta nuna masa ba shirme ba ne, ta sha zaunar da shi tana yi masa bayani da alfahari. Ga ɗakin makulli, ga jan maɓalli, idan aka danna shi garkuwa ta sauka sai bayan awa guda take komawa. Ta gaya masa komai da bakinta, har da inda ake ajiye jirgi kafin a shiga.

Ta miƙa masa laftof ɗin a jakarsa, ta manta sam cewa kalmar sirrinta a ajiye take a ciki. Daga nan ta raka Umma asibiti awon hawan jini, ta sa wayarta a shiru ta jefa a jaka.

Sai bayan azahar suka fito. A bakin kantin magani ta duba wayar, ta ga kira goma sha tara da saƙonni sun fi ɗari biyu. Hoton farko da ta buɗe, Inuwa ce tana ci da wuta, jiragen Kuraye sun yi mata zobe. Na biyu kuwa rajistar tasha ce, inda gem ke rubuta abin da kowa ya yi, layi ɗaya an zagaye shi da ja: da sunanta aka sauke garkuwa.

Ta zaunar da Umma a benci, ta koma gefe ta shiga ɗakin murya na rundunar. Mutum talatin da wani abu suna magana a tare, tana shiga aka yi tsit.

"Nawa suka ba ki?" wani ya jefo.

"Ku yi shiru," in ji Kyaftin. Muryarsa a dishe take. "Auta, sunanki ne a rajista. Ki yi mana bayani."

"Wallahi ba ni ba ce."

"To wa?"

Ta buɗe baki, amsar tana kan harshenta. Sai ta hango Umma a benci tana lissafa ƙwayoyinta a tafin hannu. Ta tuna zaman da za a yi nan da mako biyu, ta san idan ta faɗi sunan nan Kyaftin da Yaya ba za su ƙara zama a ɗaki ɗaya ba har abada. Ta kuma san halin mutanenta idan ransu ya ɓaci: kafin yamma hoton shagon Yaya ya zaga duniya da sunan maci amana, wa zai sake ba shi waya gyara?

"Ba zan iya faɗa ba," ta ce.

"Ba za ki iya ba." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Shekara uku, Auta. Jirgin ɗan Anti Nas yana ciki, kin sani."

Ta sani. Anti Nas tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ɗanta ne ɗan rundunar tun farko, ciwo ya ɗauke shi shekara biyu da suka wuce. Uwar ta koyi gem ɗin da tsufanta don kawai ta riƙa shiga tana duba jirginsa, wani ɗan ƙaramin kore da ya yi wa fenti da kansa. Duk ranar da ya cika shekara da rasuwa, rundunar kan jera jirage a gabansa a kashe injuna minti ɗaya. Anti Nas tana cikin ɗakin muryar tana jin komai.

"Ka san ni, Kyaftin," Auta ta ce a hankali.

"Na ɗauka na san ki."

Sikirin ya nuna mata an cire ta daga runduna. Bayan minti biyu hotonsa ya ɓace daga wayarta, ya yi bulokin ɗinta.

Da yamma Yaya ya dawo da laftof, fanka shiru kamar sabuwa, don a aiki dai ba a raina shi. Auta ta shiga ɗaki ta buɗe gem ɗin, ta danna maɓallin gaba, jirgi ya ƙi motsi. Ita bahaguwa ce, tun ranar farko ta juya duk maɓallanta zuwa ɗaya ɓangaren kibod. Yanzu an mayar da su irin na masu dama.

Ta same shi a tsakar gida yana wanke hannu.

"Yaya, me na yi maka?"

Ko musu bai yi ba. Ya yarfe ruwan hannunsa ya ce, "Ni na danna. Zanen kwamfuta ne, Auta, ba gidan kowa na ƙona ba. Ya kira ki ya ji ta bakinki ke kaɗai? Ya zo ƙofar gidan nan? A gaban mutane ya yanke miki hukunci cikin minti biyar. Ga mijin da kike so na aurar da ke gare shi."

"Amanata na ba ka."

"Gata na yi miki. Wata rana za ki gode."

Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Yaya ya cuce ta, kuma a cikin cutar akwai gaskiyar da ba ta iya ƙaryatawa. Mutum biyu ta fi yarda da su a duniya, a rana ɗaya ɗaya ya haƙa mata rami, ɗayan ya tura ta ciki.

Mako uku ta yi a haka. Ranar zuwan iyayen Kyaftin ta zo ta wuce, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. A wurin aiki tana liƙa wa kwalaben jini suna tana share hawaye da kafaɗa. A dandalin 'yan gem an mayar da sunanta abin tsokana, duk wanda ya yi ha'inci sai a ce ya yi Auta. Umma ta tambaye ta har ta gaji, amsa ɗaya take samu: "Mun ɗan saɓa ne, Umma." Kullum da safe kuma ita ke haɗa wa Yaya shayi ta ajiye masa, ba ta fasa gaishe shi ba. Shi kuwa tun yana shan shayin da ƙafa ɗaya kan ɗaya, har ya koma sha a tsaye yana kauce wa idonta.

Ranar wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Wata dattijuwa ce da tabarau da sandar ƙarfe, ga Kyaftin a bayanta rungume da laftof, ya rame, ya yi tsuru-tsuru kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Auta ba ta taɓa ganin fuskar matar ba, amma daga sallamar ta gane muryar.

Aka zauna a falo, Umma da Yaya suna nan.

"Ni ce Anti Nas," dattijuwar ta ce wa Umma. "'Yarki ce ta koya mini tuƙi, wata biyu tana haƙuri da ni." Ta juya ga Kyaftin. "Kunna."

Bidiyon ranar ne. Jirgin Auta ya nufo tasha yana tangaɗi, ya daki bangon mashiga, ya ja baya, ya sake daka.

"Kullum sai na kalli bidiyon nan," in ji Anti Nas, "don a cikinsa ne ake ganin jirgin ɗana na ƙarshe kafin ya ƙone. Ga shi can, koren nan. Shi kaɗai ya rage mini da hannunsa ya taɓa, wanda zan iya shiga na zauna a ciki. Sai shekaranjiya idona ya bar jirginsa ya kalli na Auta. Yarinyar da ke shigar da jirgin kaya ta ƙofar da ba ta fi shi faɗi ba, ita ce za ta daki bango sau biyu? Na sa wannan ya buɗe rajistar gaba ɗaya, ba layin da aka zagaye kawai ba. Minti uku kafin nan an mayar da maɓallanta na masu dama."

Kyaftin ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan kafet.

"Layi uku ne kawai a sama da wanda na karanta," ya ce. "Ni da nake ce wa ɗalibai su karanta tambaya har ƙarshe. Auta, ki yafe mini. Ba zan tambaye ki wane ne ba. Ko wa kike karewa, kin fi ni sanin dalili."

Auta ta kalli ƙasa. Ta ji idon Yaya a kanta, ta san jira yake ta nuna shi. Ba ta ɗago ba.

"Wa ya taɓa miki kwamfuta, Auta?" Umma ta tambaya.

"A bar maganar, Umma. Ya wuce."

Yaya ya daɗe yana kallon ɗan koren jirgin da ya tsaya cak a sikirin. Sannan ya ajiye kofin shayinsa.

"Ni ne, Umma." Ya juya ga dattijuwar. "Anti, wallahi ban san da jirgin ɗanki ba. Na ɗauka zane ne kawai."

"Zane ne," ta ce. "Hoton mahaifinku da ke bangon can ma takarda ce. Ka taɓa yarda wani ya yaga?"

Yaya ya rufe fuska da hannu biyu. Umma ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Mako uku yarinyar nan tana haɗa maka shayi," sai ya fashe da kuka kamar ba shi ne babban gida ba.

Da ya natsu ya ce wa Kyaftin, "Na so na nuna mata ba ka isa ba."

"Kuma ka nuna," in ji Kyaftin. "Ranar ban isa ba."

Duk ido ya dawo kan Auta. Ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Na yafe muku, ku biyun," ta ce. "Amma Kyaftin, a gaban mutum talatin ka kore ni, a gabansu za ka wanke ni. Sunan Yaya kuma ba zai fita daga falon nan ba. Zancen iyayenka a ɗaga shi wata uku, ina so na ga ko ka koyi tambaya kafin hukunci."

"Ko shekara ce zan jira."

"Kai kuma," Anti Nas ta nuna Yaya da sandarta, "ana neman masu haƙo ƙarfe. Tasha ba ta gina kanta."

Haka aka yi. A ranar Kyaftin ya tara runduna ya karanta rajistar daga sama har ƙasa, ya ce laifin hukuncin nasa ne shi kaɗai, waɗanda suka zage ta suka yi ta turo sori har wayarta ta yi zafi. Wani sabon ɗan wasa kuma ya shigo, ba ya magana, kullum bayan ya rufe shago sai ya yi awa guda yana jigilar ƙarfe yana dakan bango. Shi ya nemi tsofaffin hotuna ya yi wa wani ɗan jirgi koren fenti, layi bayan layi. Anti Nas ta kalla ta ce ba shi ba ne, amma a ajiye shi a wurin.

Bayan wata uku iyayen Kyaftin suka zo, Yaya da kansa ya tarbe su a ƙofa.

Abin da mutum ya zuba shekarunsa da zuciyarsa a ciki ba wasa ba ne, ko da kai wasa kake gani. Wanda kake ƙauna kuma ya cancanci ka ji ta bakinsa kafin ka yarda da layi ɗaya a kansa. Auta ta riƙe bakinta a ranar da magana ɗaya za ta wanke ta ta rusa gidansu, Allah kuma ya wanke ta ta hannun matar da ta fi kowa asara. Makullin sabuwar Inuwa yana hannunta har yau, kalmar sirrin kuwa a kanta take ajiye, ko mijinta bai san ta ba.