Kifin Ƙarƙashin Gadar Galway

A tashar motar Birnin Kebbi Riskuwa ta fara ganinsa, zamanin da garin ke cikin Jihar Sakkwato. Rana na dukan ƙeya, amma ga saurayi cikin rigar ulu mai kaurin bargo, gumi na tsiyaya, shi ko a jikinsa. Riskuwa ɗalibar makarantar horon malamai ce, kuma Allah bai hore mata haɗiye tambaya ba. Motar Argungu da suka shiga na tashi, Riskuwa ta juyo gare shi.

"Malam, masassara kaka yi?"

"Lahiyata lau. Tsaraba ta, daga Galway."

"Galway kuma ina ta?"

Ai kuwa ta sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Sahabi sunansa, gwamnati ta tura shi Dublin ta ƙasar Ailan karatun noman rani, bai daɗe da dawowa ba. A wani ɗan hutu ne ya bi abokan karatunsa yawon buɗe ido Galway, birnin bakin teku. Ya ba ta labarin titunan dutse, da masu goge a bakin hanya, da ranar da ke kaiwa lokacin isha'i ba ta faɗi ba. Ita ko sai jero tambaya take. Kafin su isa Argungu ya raɗa mata Mai Tambaya, ita kuma ta ji zuciyarta ta tafi.

A bayan katunan hoto da ya sayo can yake aika mata saƙo makaranta.

"Mai Tambayata, na ga teku na ga gadoji, ban ga abin kallo ba sai a motar Argungu."

Ta mayar masa: "Mai Bargo, na ji daɗin bakin. Amma ba ka gaya min me suke ci da safe ba."

Ranar da ya je Argungu gaida mahaifinta, Malam Labbo, masuncin da ya tsufa a ruwa, Sahabi ya so ya burge. Bayan labarin ranar da ke kaiwa isha'i ba ta faɗi ba, ya ce a tsakiyar Galway akwai gadar da in ka leƙa za ka ga manyan kifaye jere, kowa na wucewa, ba mai jefa ko ƙugiya. Malam Labbo ya dube shi sama da ƙasa. Kalilu mai albasa, wanda ya daɗe yana son Riskuwa, yana zauren. Bayan baƙo ya fita ya ce ai ya ji labari, a gidan giya Sahabi ya yi hirarsa ta dare a can Galway ɗin.

Da yamma tsohon ya kira 'yarsa.

"Zancen rana na bar ma Allah. Amma kihi kwance cikin gari ba mai kamu? Ko shina shan abin nan, ko maƙaryaci na. Ba ni ba shi ɗiyata."

Riskuwa ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son Sahabi so na gaske. Sai dai ko cikin kukan tambaya ba ta bar ta ba. Da ya zo, ta tare shi a soro, fuska ba walwala.

"Ka shiga gidan giya ko ba ka shiga ba?"

"Na shiga, Risku. Can suka kiɗinsu da hirarsu, tsohi da yara. Wallahi lemo nis sha."

"To mi ya hana su kama kihin?"

"Doka ta. Akwai mai tsaron ruwan, ba a taɓa shi sai da izni, sai lokaci nai ya yi."

"Kamar ruwanmu na Matan Fada ke nan! Ba ka hwaɗa musu mu ma muna da irin ta ba?"

Sahabi ya sunkuyar da kai. Ashe ya faɗa. A daren nan, a gidan giyar, aka ce kowane baƙo ya ba da labarin garinsu. Ya ce a Argungu akwai ruwan da ake hana kamun kifi a cikinsa shekara guda, ran biki kuma dubban maza su afka da gora da homa, wato ragar kamun kifi, a fito da giwan ruwa mai girman mutum. Gidan ya kece da dariya. Mai gidan ya ce bai taɓa jin gwanin ƙarya irinsa ba, har ya ƙara masa lemo kyauta.

Riskuwa ba ta jira ya ƙarasa ba, ta yi cikin gida. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta zayyana masa duka, tun daga mai tsaron ruwa har dariyar.

Malam Labbo ya ajiye homar da yake ɗinki.

"Matan Fada sunka ce ƙarya ta?"

"Ita, Baba."

"Giwan ruwan da ni kaina nih hitar, sai da ƙatti huɗu sunka ɗauka?"

"Sun ce babu irin shi duniya."

"Kira min yaron ga!"

Sahabi ya shigo ya durƙusa. Tsohon ya sa shi ya rantse kan zancen lemo, ya rantse. Daga nan fa tambaya ta ɓalle: kifin nasu yana da ƙaya? Wane wata yake hawa ruwa? Mai tsaron ruwan, gadon aikin ya yi? Riskuwa na bayan ƙyaure tana murmushi, yau ta gane inda ta gado halinta.

Bayan bikin kamun kifi na shekarar aka ɗaura aure, aka kai amarya unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Sharaɗi ɗaya Malam Labbo ya kafa. Ya tsaya gaban mai hoto, ga giwan ruwa rataye ya kusa kai shi tsawo, ango a dama cikin rigar bargonsa.

"Ka aika ma mai gidan nan na Galway hoton ga," ya ce. "Ka rubuta mai, surukina ba ya ƙarya. Allah shi yi muku albarka."