Zarto a Gadar Layin Masaƙa

Ba a daɗe da buɗe rumfunan zaɓe ba aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Marrowby cewa gadar katako ta rafin Sike ta karye da mutum a kanta. Sajan Doreen Alderson ta ajiye shayinta ko kurɓa ba ta yi ba, ta ɗauki takalman ruwa ta fita.

Ko da ta isa, motar asibiti ta riga ta tafi da wadda ta faɗa, wato Inna Hilda Raine, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai. Mutanen Layin Masaƙa na tsaye a ɗaya gaɓar cikin kayansu na zuwa coci, kowa fuska a murtuke. Doreen ta gangara cikin ruwan, wanda bai wuce gwiwa ba, ta leƙa ƙarƙashin gadar. An yanka ginshiƙan kwance guda biyu daga ƙasa, an bar ɗan abin da bai fi kaurin yatsa ba. Yankan a karkace yake, irin na zarton hannu, kuma dusar katakon da ta maƙale a gansakuka ba ta ko canja launi ba.

Babu ɗan Marrowby da bai san abin da gadar nan take nufi ba a wannan safiya. Tun da aka fara zaɓen kansila, Layin Masaƙa na cikin mazaɓar Gabas, kuma ma'aikatan masaƙa ne ke fitar da kansila. Mahaifin Inna Hilda ne na farkonsu. Lokacin da Hilda ke amarya, hukumar shata iyakoki ta ce iyaka ta bi rafi, aka yanke layin aka liƙa shi a mazaɓar Yamma, inda ƙuri'unsu suka nutse cikin na masu manyan gidaje. Daga nan Gabas ta koma hannun manoma, da ƙyar da jiɓin goshi, don har sau biyu ana yin kunnen doki sai da aka jefa kwabo aka raba gardama. Inna Hilda ta ƙare ƙarfinta tana kai ƙara, bana aka mayar da iyaka bayan layin. Shi ya sa suka rantse da ƙafa za su tsallaka gadar, kamar iyayensu, su jefa ƙuri'a a zauren tsohon cocin Gabas. Doreen ma a layin aka haifi uwarta.

Wata farar bas na tsaye a bakin layin, an manne ta da hotunan Lionel Pybus, dillalin gidaje da ya tare a garin ba da jimawa ba, wanda ke neman ƙwace kujerar Gabas daga Kansila Neville Kearton. Pybus ɗin na tsaye a ƙofar motar yana magana da ƙarfi.

"Ku shigo in kai ku ta titi, kyauta! Kowa ya san wanda ba ya son ƙuri'arku. Wa ya tashi a majalisa ya ce kada a dawo da ku? Gonar wa ce ke bakin gadar nan?"

Wani tsoho ya ce, "Mun ji, yaro. Amma mun ce da ƙafa, kuma da Hilda. Ka kashe injin, kana ɓarnar mai."

Gonar Kearton Doreen ta fara zuwa. Ta same shi a garke, hannun riga a naɗe, idanu jajur, wani jaririn rago na rawar sanyi a cikin ciyawa.

"Na ji, Doreen. Yaya jikin Hilda?"

"Ban je ba tukuna. Ina kake jiya?"

"Nan inda kika gan ni. Tumakin nan biyu suka sha wuyar haihuwa. Likitan dabbobi bai bar nan ba sai da gari ya waye, ki tambaye shi."

"Kai ka yi adawa da dawo da layin."

"Ƙwarai kuwa. A fili na yi, a zauren majalisa, aka kayar da ni na zauna. Mutanen nan ba su taɓa zaɓen manomi ba, ni ba wawa ba ne." Ya share hannu da tsumma. "Amma ubana ne ya kafa ginshiƙan gadar nan, ina riƙe masa kusa. Kuma ki yi tunani mana, 'yar nan. Karya gada ta hana wa zaɓe? Titi na nan, rumfa a buɗe take har dare."

Doreen ta kira likitan tana cikin mota, ya tabbatar mata da maganar, har da ƙorafin cewa Kearton ko shayi bai ba shi ba.

Sai Maureen Tunstall, kansilar Yamma, wadda aka cire layin daga mazaɓarta. Tana ƙofar rumfar zaɓen makarantar firamare tana gaisawa da masu shiga.

"Ni? In yi baƙin ciki don an ɗauke min su?" Ta kwashe da dariya, sannan ta tuna da Inna Hilda ta gimtse. "Doreen, zaɓe huɗu na tsaya, ban taɓa samun ƙuri'a ɗaya tak daga layin nan ba. Hilda har ƙofar gida take rako ni ta ce in gaida mutanen gida, ba ta taɓa ɓoye min ba. Ranar da aka mayar da iyaka sai da na yi rawa a kicin. Ga kuma kafaɗar nan tawa, ko murfin kwalba mijina ke buɗe min."

"Ba ki ga komai ba da safen nan?"

"In ban da bas ɗin Pybus. Ta wuce ta gaban gidana ina shayar da furanni, tun kafin a buɗe rumfa. Na ce wannan ɗan birni bai san Layin Masaƙa ba, mutanen da suka yi wata guda suna shelar da ƙafa za su je."

A asibiti an riga an ɗaure wa Inna Hilda hannun hagu, haƙarƙari biyu sun tsage. Ba ta bari Doreen ta gama gaisuwa ba.

"Ke jikar Edna ce ko? Rufe ƙofa, ki miƙo min rigar sanyina."

Daga aljihun rigar ta zaro doguwar leda mai ja da fari, irin wadda ake tare hanya da ita a wurin haɗari.

"Na riga kowa fita, don ba na barci. Na tarar an ɗaura wannan a bakin gada. Na ce aikin 'yan ƙaramar hukuma ne, sun sami sabuwar dabarar mayar da mu. Na kwance abina na cusa a aljihu kafin mutane su fito."

"Wa kika gaya wa, Inna?"

"Wa zan gaya wa? Su yi min dariya? Ke ce ta fari."

"To ki bar shi a tsakaninmu har yamma."

"Yamma? Ke, ina da ƙuri'ar da zan jefa."

Direban bas ɗin, Trevor Coates, yana cin burodi da soyayyen ƙwai a kan sitiyari lokacin da Doreen ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Yaushe aka ɗauke ka hayar nan?"

"Tun farkon mako, Sajan. Pybus da kansa ya zo gareji."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce in tsaya a bakin layi da sassafe. Na ce masa ai mutanen nan da ƙafa za su bi ta gada, duk gari ya sani. Ya ce in jira kawai, za su juyo."

"Za su juyo. Haka ya ce?"

Trevor ya daina tauna. "Haka ya ce."

Pybus ya koma ofishinsa na kan babban titi, yana waya da wani ɗan jarida. Ya katse da ganinta, ya nuna mata kujera da hannun hagu. Na daman yana cikin aljihu.

"Kin kama Kearton?"

"Tukuna. 'Yan tambayoyi ne. Me ya sa ka ɗauki bas?"

"Kowane ɗan takara na kai tsofaffi rumfa. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Ka je duba Inna Hilda?"

"Zan je. Abin ya taɓa ni sosai." Ya girgiza kai. "Amma fa tsofaffin nan akwai taurin kai. Mutum ya ga an tare hanya da leda, ya tsallake ya hau?"

"Wace leda?"

"Ledar da aka ɗaura a bakin gadar mana."

"Wa ya gaya maka akwai ta?"

"Kowa ya gani."

"Mutum ashirin da wani abu na tambaya a bakin rafin nan, Malam Pybus, babu wanda ya ambaci leda. Ni ma ban gan ta a can ba. Inna Hilda ta kwance ta tun gari bai gama wayewa ba, tana aljihunta har asibiti. Mutum biyu ne suka san da ita, wadda ta kwance da wanda ya ɗaura. Fito da hannunka."

Ya yi kamar bai ji ba. Ta jira. Da ya fito da shi, bororo biyu ne a tafin, ɗaya ya fashe, ga jan layi a gindin babban yatsa inda ƙotar zarto ke ci.

"Tun a gonar Kearton na daina neman wanda ke son hana zaɓe," in ji Doreen, "don gadar ba ta hana kowa. Na koma neman wanda karyewarta za ta yi wa rana. Ka duba tarihin Gabas, ka ga kujera ce da ake ci da ƙuri'a biyu ko uku, ka ga layin nan ne zai yanke hukunci. Ka san ba sa son Kearton, amma kai ma ba su san ka ba, kana tsoron su ƙi ku duka. Sai ka shirya su zo su tarar da gada a lalace a bakin gonarsa, su juyo cikin fushi, su tarar da motarka a buɗe. Mai son a faɗa ruwa ba ya ɗaura gargaɗi. Kai kallo kake so a yi."

Pybus ya zauna a hankali. "Ban yi nufin kowa ya ji ciwo ba. Na ɗaura ledar da kyau. Wa zai ga ja da fari ya cire?"

"Da ka tambayi ko wane ɗan garin nan, da ya gaya maka sunanta. Ina zarton?"

Zarton na cikin motarsa ta baya, a naɗe cikin tsoffin hotunan kamfe.

Da la'asar Kearton ya zo da tarakta, ya shimfiɗa manyan ƙarafa biyu na garkensa a kan rafin, ya jera katako ya buga kusa. Inna Hilda ta sallami kanta daga asibiti, likita na faɗa tana sa takalmi. Ita ta fara hawa, Doreen na riƙe da hannunta mai lafiya, layin gaba ɗaya na biye da su, har da masu sanda da mai keken guragu da aka ɗaga sama. Mutanen Gabas suka fito ƙofar gidajensu, maza suka cire huluna. A tsakiyar gadar tsohuwar ta tsaya ta dubi Kearton.

"Neville, kada ka ga ka buga kusa ka ɗauka ka sayi ƙuri'ata."

"Ban ɗauka ba, Hilda. Ki kula da katakon ƙarshe, yana motsi."

Washegari aka yi ƙidaya a babban zauren gari. Doka ba ta cire sunan ɗan takara ranar zaɓe, saboda haka Pybus, yana tsare, ya sami 'yan ƙuri'unsa. Kearton ya ci da rata mai yawa. Amma kafin a sanar, jami'in zaɓe ya kira shi gefe, kamar yadda doka ta ce, don ya duba ƙuri'un da suka lalace. Tuli guda ne, abin da ba a taɓa gani ba a Gabas. Babu wadda aka dangwala wa Kearton ko Pybus. A ƙasan kowace an rubuta suna ɗaya, da rubutu iri-iri: Hilda Raine.

Kearton ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. Sannan ya ratsa zauren ya je inda take zaune kusa da Doreen, hannu a rataye a wuya.

"Da kin tsaya takara, da na sha wuya."

"Ni na tsufa," in ji Inna Hilda. "Amma akwai 'yar Coates da ke koyarwa a firamare, bakinta ya fi nawa kaifi. Ka ji daɗin kujerar nan, Neville, aro muka ba ka."