Ƙarƙashin Fuskar Dila

"Mio suka ba ka?!" na tambayi Shun, saurayina, wanda shi ma malami ne.

Shun ya sunkuyar da kai. "Malama Reiko ce ta raba sunayen, Chizuru."

Ai na sani! Reiko ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, kuma ita mahaifiyarsa ke so, ba ni ba.

Gobe ne darasina na gwaji. Malaman gunduma za su cika aji, kowa a ba shi ɗalibi ɗaya ya sa wa ido, ya rubuta abin da ya gani, ya karanta a gaban taro. Shekara guda ke nan ina koyar da karatu ta hanyar wasan kwaikwayo. Shugaban makaranta ya faɗa min ƙiri-ƙiri: in darasin bai gamsar ba, za a hana wasan, ni kuma a mayar da ni wata makaranta a tsibiri a watan Afrilu, nesa da Shun.

Mio kuwa, ɗalibata, shekararta bakwai, ba a taɓa jin muryarta a aji ba.

"Ka rubuta ta yi magana, Shun... ko kalma ɗaya."

"Ba zan iya ba."

"Ko don ni?"

"Masoyiyata, kada ki sa ni..."

"To je ka auri gaskiyarka!"

Na fice ina kuka.

Washegari muka ture tebura, yara suka sa fuskokin kwali, littafi a hannu, don wasan labarin masunci da diloli. Masunci ya yi faɗa, diloli suka yi tsalle. Mio na tsaye cikin tata fuskar dilar, ko tari ba ta yi ba. Shun na durƙushe gefenta, ni ko kallonsa ban yi ba.

A taron, mahaifiyarsa ce babbar baƙuwa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ke kiran aikina tsalle-tsalle. Shun ya miƙe da takardarsa.

"Minti arba'in da biyar, Mio ba ta furta komai ba."

Reiko ta yi murmushi.

"Amma daga inda na durƙusa ina ganin ƙarƙashin fuskar. Leɓenta na motsi. Layin kowa take karantawa, tun kafin mai layin ya faɗa. Da masunci ya kakare a shafi na uku, ita ta sa yatsa ta nuna masa kalmar. Da ta cire fuskar, bakin ya tsaya."

Kunya ta rufe ni. Ni ce malamarta, amma ban sani ba!

Mahaifiyar Shun ta cire tabarau a hankali.

"Shekara talatin da takwas na koyar," ta ce. "Yara nawa irin wannan na rubuta ba su iya karatu ba?"

Ta miƙe, ta rusuna min, ta daɗe ba ta ɗago ba. Daga ranar ba wanda ya sake maganar tsibiri.

A wajen ajiye takalma Shun ya same ni.

"Ka yafe min," na ce, hawaye na zuba. "Da ka yi ƙaryar da na roƙe ka..."

"Da ban leƙa ƙarƙashin fuskar ba."

Ya miƙo min hankicinsa.

"Mama ta ce ki zo cin abinci ranar Lahadi. Ta ce ki taho da fuskar dilar, tana so ta riƙe ta a hannunta."