Layin Da Ke Ƙetaren Gada

Da a ce wani ya ja Auta gefe ranar da Mai Mita, mai karanta mitar wutar lantarki, ya fara shiga gidansu, ya gaya mata cewa saurayin nan zai kai ta wani layi inda ko kukan jariri ba a ji, da ba ta riƙe masa kujerar nan ba. Amma babu wanda ya gaya mata.

Mitar gidansu a can saman bango take, bayan ƙofar shiga. Ya ari kujerar da take zama ɗinki a kai, ya hau, kujerar na rawa.

"Riƙe da kyau, ƙanwata. In na faɗo, kamfani ba ruwansa."

"In ka faɗo ai mun huta, wannan watan ba kuɗin wuta."

Ya yi dariya har biro ya suɓuce masa. Washegari ya dawo, wai lambar ce bai gani da kyau ba. Rana ta uku ma ya dawo. Mama ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mita mai farin jini irin tasu ba.

Bai daɗe ba ya raɗa mata suna Fitila. Kullum da safe saƙonsa ke tashinta: "Fitilata, na zaga gari a babur ina duba wutar mutane, ban ga mai haskenki ba." Ita kuma ta mayar: "Kai dai duba aikinka, kar ka rubuta wa bayin Allah abin da ba su sha ba."

Babanta kafinta ne, mutum mai yawan fargaba. Ko ya kulle ƙofa sai ya koma ya girgiza ta. Ranar da Mai Mita ya zo gaishe shi, tambaya ɗaya ya yi.

"Ina za ka ajiye min ita?"

Tambayar da nauyinta. Haya a wannan jihar ta fi ƙarfin mai albashi, ga kuma ɗan mai gidan da suke haya yana ta aiko da kaya, yana cewa saman benen ubansa na jiran Auta.

Mai Mita ya gyara zama. "Baba, na samu gida a ƙetaren gada, a jihar can. Abin da za a ba ni ɗaki ɗaya a nan, can gida sukutum ne da tsakar gida. Ruwa da arha, cefane da arha, ko harajin shago ba kamar nan ba."

"Ban tambaye ka cefane ba. Yarinyar nan a gida take ɗinki, kai kana yawo. In wani abu ya same ta da rana, wa zai ji? Akwai maƙwabta?"

"Layin cike yake, Baba. Ni nake karanta mitocinsu. Babu wadda ba ta gudu."

Ranar wata Talata suka tafi gani, su uku. A bakin gada motar ta sauke su, don motocin wannan jihar ba sa tsallakawa. Suka taka da ƙafa, suka sake biyan kuɗin wata motar. Baba ya juya ya kalli Mai Mita.

Layin yana da kyau. Gidaje a jere, fenti sabo, titi a share. Sai da suka yi nisa a ciki Auta ta lura da abin da ke damunta: takunsu kaɗai take ji. Rana ta take, amma fitilar kusan kowace ƙofa a kunne. Babu takalmi a bakin ƙofa, babu shanya a igiya, babu ko akuya. A wani gida rediyo na magana. Baba ya yi sallama, ya sake, ya buga ƙofar. Rediyon ya ci gaba da zubo labarai, ba wanda ya amsa. A jikin katanga kuwa, jar fitilar kowace mita na ƙiftawa.

Can ƙarshen layi akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa. Auta ta ga labulen tagarsa ya ɗan motsa, alhali ko ganye ba ya kaɗawa. Tsigar jikinta ta tashi.

"Mu tafi," in ji Baba. Ko gidan da aka zo gani bai leƙa ba.

A mota ya ce da ita, a gaban saurayin, "Ba zan kai 'yata inda za ta yi ihu bango ya amsa mata ba. Arhar nan su riƙe abarsu."

Da yamma saƙo ya shigo: "Fitila, wallahi ban yi wa Baba ƙarya ba. Mitocin can a waje suke, jikin katanga. Ina zuwa in karanta in wuce, ban taɓa buga ƙofar kowa ba. A aikinmu, in mita na gudu, akwai mutum a gidan. Haka na sani."

Ta rubuta: "Ni za ka kai cikin mitoci in zauna da su?" Daga nan ta kashe wayar.

Kwanaki suka wuce. Ɗan mai gida ya ji labari, ya tare ta a bakin famfo yana murmushi. "An ce an kai ki unguwar da ba a ganin mazaunanta. Ki dai gaishe min da su." Ranar sai da ta farke ɗinki ta sake, ta kuma farkewa. Abinci ma ta daina ci sosai, Baba kuwa yana lura.

Wata safiya ya tsaya a kanta da gudumarsa a hannu.

"Ɗauko mayafinki. Tun ranar nan rediyon can yake min magana a kai. Wani ne ya kunna shi, kuma sai na ga ko wane ne."

Suka sake tsallaka gada su biyu. Baba ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Shiru. Yau rediyon ya koma wani gidan daban. Auta ta riƙe gefen rigarsa kamar tana ƙarama.

Sai suka ji ƙara a bayansu, kacau, kacau, tana matsowa a hankali. Auta ta kasa waiwayawa.

"Kai mai guduma, in ka fasa ƙofar mutane ni za a tambaya."

Tsohuwa ce 'yar firit, da tarin makullai ɗaure a ƙugunta. Baba ya sauke ajiyar zuciya ya gaishe ta.

"Iya, ina mutanen layin nan?"

"Suna can wajenku. Arhar haya ta kawo su, kuɗin mota ya kore su. Aikinsu duk a can yake. Abin da suka rage a haya, gadar nan ta cinye. Sai suka koma kwana a shagunansu da wajen 'yan uwa, ƙarshen mako su dawo. Ni suke bar wa makulli. In kunna fitila, in duba firij, in zaga da rediyon nan gida gida don ɓarayi."

"Ke kaɗai, Iya?" in ji Auta.

"Ni da ciwon gwiwata. Ke ce ta yaron nan mai babur? Gidan da ya kama ai katangarmu ɗaya."

Baba ya roƙi tsohuwar ta buɗe gidan. Ya sa Auta ta shiga ɗakin can ciki ta rufe ƙofa, shi kuma ya bi Iya tsakar gidanta.

"Ki kira ni," ya ce kafin ya fita. "Ban ce ki yi ihu ba. Kamar mara lafiya za ki kira."

Auta ta tsaya a ɗakin da babu komai sai ƙamshin fenti. Ta ce a hankali, "Baba."

Ta bayan katanga muryarsa ta zo. "Na ji ki, Auta. Na ji ki."

Da suka fito idonsa ya yi ja. Ya nuna gida mai shuɗiyar ƙofa. "Wancan fa, Iya?"

Tsohuwar ba ta kalli wajen ba. "Ba ni da makullinsa. Tun da na zo ban ga mai shiga ba."

A mota Auta ta kunna waya ta rubuta: "Baba ya ce ka zo. Ya ce tunda babur ɗin aiki gare ka, gada ba za ta ci ka ba. Kuma daga yau ka riƙa buga ƙofar mutane kana gaishe su."

Amsa ta zo nan take: "Fitilata! Ko ƙofar kaji zan buga."

An ɗaura aure ranar Asabar. Da aka kai amarya, layin ya cika maƙil, yara na guje-guje, kowace igiya da shanya, mata na leƙowa suna yi mata barka da zuwa. Baba da kansa ya ƙara wa ƙofofin gidan ƙarfi, ya kuma huda wata 'yar taga a katangar da ke tsakaninsu da Iya. Da zai tafi ya dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai yawan surutu, layin nan ya samu masu kuka. Kai kuma, amana ce na ba ka."

"In sha Allahu, Baba."

Ya kulle musu ƙofa, ya dawo ya girgiza ta.

Yanzu in Litinin ta yi layin ya kwashe, ƙarar keken ɗinkin Auta ce ke cika shi, Iya na zaune kusa da ita tana taunar hira. Mai Mita ya cika alkawari, kowace ƙofa yana bugawa. Ya buga shuɗiyar ma, ba sau ɗaya ba. Mitarta na gudu, ana biyan kuɗin wutarta a kan kari, fitilar ƙofar na kamawa da magariba ta mutu da safe. Har yau babu wanda ya san mai kunna ta.