Amawalin Abba

"Ki faɗa mini gaskiya, Asma'u, kar ki ji nauyina."

Haka Mansur yake farawa duk lokacin da zai nuna mini hoto, kuma wallahi na gaji da jin wannan maganar. Tun da ya sayo tsohuwar kyamara a Damagaram ya shiga bin titunan Tanout yana ɗaukar mutane, ni na zama alƙalinsa. In na ce hoto ya yi kyau, ya ce lallashinsa nake. In na ce ya datse wa mai kurar ruwa ƙafafu, ko rana ta cinye fuskar mai tallar fura, sai ya kumbura ya yini ba ya ɗaga wayata. To ina sonsa, ya zan yi? An riga an sa aurenmu bayan kaka.

Ranar na taso daga farmasi, shagon maganin da nake aiki, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar da shi a ƙofar gidan gwaggona inda nake zaune. Sai murmushi yake. Ya ce a gurup ɗinsu na masu hoto kowa ya yaba, har Mushe Ila, wato Malam Ila, gwanin hoton nan na Damagaram da bai taɓa ganin hotonsa bai kushe ba, ya rubuta masa cewa yau ya zama mai hoto. Saura ni kaɗai.

Na karɓi wayar.

Wani dattijo ne a durƙushe a bakin kasuwar dabbobi ta Tanout, raƙuma sun dushe a bayansa. Ya sauke amawalin rawaninsa har ƙasan haɓa yana shan ruwa a kwano. Hasken yamma ya kwanta masa a kumatu, ga ɗigon ruwa a farin gemunsa, ga giɓin haƙori a gefen hagu.

"Ya dai, masoyiya? Hasken ne bai yi ba?"

"Hasken ya yi."

"To mene ne?"

"Mansur... Abba ne."

Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce. Da ya ga ban yi ba, ya karɓe wayar ya ƙura mata ido, ya rantse da Allah bai san shi ba ne. Na san bai yi ƙarya ba. Ina zai san shi? Sau ɗaya ya je gaishe shi a ƙauyenmu Tenhya, kansa a sunkuye, Abba kuwa ya ja amawali har ƙasan ido. A wajenmu Buzaye, babban mutum ba ya barin a ga bakinsa. In zai sha ruwa a cikin jama'a, ta ƙarƙashin ƙyallen yake shigar da kwano. Suruki kuwa shi ne na ƙarshen wanda ya kamata ya gani. Ranar ƙishi ne ya ci ƙarfin Abba, ya juya wa kasuwa baya, ya ɗauka ba mai kallonsa. Ashe wanda zai auri 'yarsa na tsaye a gefen rumfa da kyamara.

Na ce ya goge. Ya ce in dai tsaya in ƙara dubawa, ai babu abin kunya a ciki, mutunci ne ma ya fito da shi, kuma Mushe Ila ya ce za a rataye shi a wani baje koli a Damagaram. Ya yi ta magana a kan inuwa da haske har na ji kaina yana sarawa.

"Ka ce in faɗa maka gaskiya, ko? Shi ne hoto mafi kyau da ka taɓa ɗauka. Ban ga abin gyarawa a ciki ba. Kuma ka tsiraita mahaifina."

Idonsa ya cika. Ban taɓa ganin yabo ya yi wa mutum ciwo haka ba, ni ma da na yi yabon sai da ya yi mini. A gabana ya goge shi daga gurup ɗin, ya rubuta wa Mushe Ila cewa ya janye. Sai dai aikin gama ya gama. Wasu sun riga sun ɗora shi a situs ɗinsu na waya kowa yana gani, ya zaga wayoyin 'yan kasuwa, daga nan ya faɗa hannun yayana Aghali.

Aghali ya kira ni yana huci. Ya ce dillalan raƙuma suna nuna wa juna hoton suna cewa ashe haka bakin Attahir yake, ashe giɓi yake ɓoyewa. Ya ce in gaya wa Bahaushen nan nawa kada ya kuskura ya tako Tenhya, maganar aure kuwa in cire ta daga raina tun da wuri.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗin komai ba. Mansur ya rame, ya ajiye kyamarar, kullum yana ƙofar gida yana tambayata ko ya tura manyansa su ba da haƙuri. Na ce su je su ce me? Su ce ɗanmu ya ga bakinka, ka yafe? Ai faɗar ma wata sabuwar kunya ce. Na gaji da kukansa, na gaji da nawa, na gaji da gwaggo da take cewa laifina ne da na biye wa mai ɗaukar mutane a titi ba sallama. Ranar da na samu hutu na hau motar Tenhya ni kaɗai.

Na tarar da Abba a gindin aduwa yana gyaran igiyar guga. Anna, mahaifiyata, ta kama hannuna ta ce in bi a hankali, tun ranar bai yi wa kowa maganar ba. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi gwaggo, ya tambayi aiki, ya tambayi ko an yi ruwa a wajenmu. Sai can ya ce, "Kowa ya gani sai ni. Yana wajenki?"

Na so in ce babu. Amma yana nan, ni ma an turo mini shi, ban iya gogewa ba. Na miƙa masa wayar.

Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya daɗe yana kallo. Ni dai ina jiran faɗa.

"Ban taɓa ganin fuskar mahaifina duka ba sai ranar da muka yi masa wanka," ya ce a hankali. "Wannan ita ce. Har giɓin."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Abba, wallahi bai san kai ba ne..."

Ya ce ya sani. Ya ce yaron yana da ido, kuma duk wanda ya kalli tsoho haka ba da raini ya kalle shi ba. Laifinsa ɗaya, bai tambaya ba. Ya ce Aghali ba shi ke aurar da ni ba, ranar da aka sa tana nan yadda take, ƙaninsa zai je Tanout ya ɗaura auren.

Zuciyata ta yi sanyi, sannan maganar ta dawo mini. "Ƙaninka? Kai fa, Abba?"

"Ni da Tanout mun gama, Asma'u. Ba zan tsaya ina cinikin raƙumi da mutumin da ke da bakina a aljihunsa ba."

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, duk ranar kasuwa Abba yake shigowa gari, ya ɗaure raƙuminsa ya zo ya duba ni da cuku a ƙulle a gefen riga. Ko da na fara aiki bai fasa ba.

"A can kake ganina fa..."

"Sai ki riƙa zuwa. In mijinki ya bar ki."

Ya kife wayar a tafina, ya ja amawalinsa sama har ya kusa rufe ido, ya koma kan igiyarsa. Na fito titi na kira Mansur na ce masa an yarda. Ya shiga hamdala yana kiran sunana, yana tambaya me ya sa nake kuka tunda an yarda. Na ce gajiyar hanya ce.