Ƙwayar Wuya da Madarar Kyalla

Don Allah ku yi haƙuri da rubutuna. Ban iya tsara magana irin ta littafi ba. A bayan ɗaki nake rubutawa, ba wanda ya sani. In kun ga kuskure, ku gyara a ranku. Labarin wata yarinya ce ta wajenmu. Ta yarda in rubuta, amma ta ce kar in saka sunanta. A gida Auta ake ce mata, to ni ma haka zan kira ta.

Su Auta suna zaune a ruga kusa da Babban Duhu. Baffanta, wato mahaifinta, yana da shanu, yana kuma noman gero da gyaɗa. Da safe tana zuwa boko. Da yamma tana zuwa Islamiyya wajen Malam Rabi'u.

Wata shekara Auta ta yi wani irin ciwo. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Barci kawai da kasala. Ana rana tana jin sanyi. Fuskarta ta kumbura. In Inna tana mata kitso, gashi ya yi ta biyo hannu. Muryarta ma ta dushe.

Kakarta Dada ta saka mata suna Uwar Barci.

Da abin ya ƙi ƙarewa, Baffa ya tambayi lafiyar hanya, ya ɗauke ta a babur har babban asibiti. Aka ɗebi jininta aka auna. Likitar mace ce mai fara'a. Ta ce, "Auta, taɓa gaban wuyanki."

Auta ta taɓa.

Likita ta ce, "A nan akwai wata 'yar halitta. Ita ke fitar da sinadarin da ke ba jiki kuzari. Taki ta yi rauni, ba ta fitarwa yadda ya kamata. Wannan ƙwayar ita za ta cike abin da ya rage."

Baffa ya ce, "Likita, sai yaushe za ta daina sha?"

"Kada ta daina sai mun ce. Wataƙila ma ta yi ta sha har girmanta. Ba abin tsoro ba ne. Amma tana da doka." Ta juyo wajen Auta. "Da kin tashi da safe, kafin komai ya shiga bakinki, ki sha da ruwa zalla. Sai ki jira rabin awa ko fiye kafin ki karya. Ban da madara, ban da koko, ban da shayi a lokacin. Kin ji?"

"Na ji."

Sunan maganin tairoksin. A gida ba mai iya faɗa, sai ake ce mashi ƙwayar wuya.

Auta ta bi doka. A hankali jikinta ya dawo. Kumburi ya saɓe, murya ta washe. Har Dada ta ce, "Uwar Barci ta zama Uwar Surutu. Ko a maida ta asibitin su rage?"

Ana nan, Malam Rabi'u ya kira sunayen waɗanda za su yi saukar Alƙur'ani bayan girbi. Da sunan Auta a ciki, da na ƙawarta Shafa'atu. Aka fitar da anko, hijabi ruwan ganye. Inna ta saya, ta ninke, ta saka a ƙasan akwati. Kullum sai Auta ta buɗe ta shafa shi.

To, Auta tana da saniya. Baffa ya ba ta tun tana 'yar maraƙa. Sunanta Kyalla, saboda farin da ke gefenta. Da damina ta faɗi, Kyalla ta yi haihuwar fari.

Murna wajen Auta ba a magana. Da dakashi, wato nonon farko na bayan haihuwa, ya wuce, ita da kanta take tatsa. Tana sallame sallar asuba sai ta ɗauki ƙwarya ta yi garke da gudu. Dada na can bakin murhu. Ita ke tafasa madarar.

Wata safiya Auta ta manta ba ta sha ƙwayar ba sai da madara ta tafasa. Ƙamshi ya cika wajen. Ta tsaya da ƙwaya a hannu tana haɗiyar yawu.

Dada ta ce, "Ke, mi kike jira?"

"Likita ta ce da ruwa zan sha, in jira kafin in karya."

"Magani a ciki wayam? Wa ya taɓa jin haka? Sai ya cinye maki hanji. Wagga likita ta taɓa kiwon saniya?"

Auta ta yi dariya. "Ban sani ba, Dada."

"To ni na sani. Da madara na girma, da ita na yi rainon ubanki. Madara ita kanta magani ce. Karɓi tun da zafinta."

Auta ta san abin da likita ta faɗa. Ba ta manta ba. Amma madarar Kyalla ce, saniyarta. Ta ce a ranta, yau kaɗai. Ta jefa ƙwayar a baki, ta kora da madara.

Ba abin da ya same ta ranar. Washegari ma ta yi haka. Ba abin da ya same ta. Daga nan sai ya zama kullum.

In Inna ta ce, "Auta, kin sha ƙwayarki?" sai ta ce, "Na sha, Inna." Ba ƙarya ta yi ba. Amma ba ta faɗi gaskiyar duka ba.

Ciwon bai dawo da gudu ba. Saɗaɗowa ya yi. Gero na fitar da kai, Auta ta fara neman zani ta lulluɓa da rana. A aji tana gyangyaɗi. In an tambaye ta abu, sai ta daɗe kafin ta ba da amsa.

Wata yamma a Islamiyya, Malam Rabi'u ya ce ta karanta. Ta fara, murya ta fito a shaƙe. Ta kai tsakiyar shafi, ta rasa inda take. Ta koma baya, ta sake ɓata.

Wani daga bayan aji ya yi kukan kwaɗo. Aka bushe da dariya.

Malam ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya ce, "Auta, ina muryarki ta tafi? Ba haka na san ki ba."

Ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ranar walima gaban iyaye da malamai za ku karanta. Ba zan tsayar da ke a haka ba. In ba ki gyara ba, sai dai ki jira baɗi."

A hanyar gida Shafa'atu ta riƙe hannunta. "Ke kau hannunki sanyi kamar randa. Ni dai in ba ke, wa zan tsaya kusa da ita?"

Auta na isa gida ta buɗe akwati, ta ga hijabin, ta fashe da kuka.

Da Baffa ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Maganin nan jabu ne. Yarinya na sha kullum, ciwo na dawowa? Zan je in samu mai kemis ɗin nan."

Inna ta ce, "Kar ka je da faɗa. A fara komawa asibiti."

Suka koma. Aka sake auna jini. Likita ta duba sakamakon, ta ɗaure fuska.

"Auta, kina tsallake kwana?"

"A'a."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, likita."

Likita ta duba kwalin maganin. Ta ce wa Baffa, "Maganin mai kyau ne. Amma jininta ya nuna bai ishe ta ba. To, sai dai mu ƙara mata ƙarfinshi."

Ta ɗauki biro. Auta ta kalli Baffa. Ta tuna saura kaɗan ya je ya yi wa mai kemis faɗa a banza. Ta san in ta yi shiru, ba wanda zai sani. Amma bakinta ya ƙi yin shiru.

"Likita," ta ce a hankali.

"Na'am?"

"Ba da ruwa nake sha ba. Da madara nake sha."

Likita ta ajiye biro. "Tun yaushe?"

"Tun da saniyata ta haihu."

Baffa ya juyo ya kalle ta. Wannan kallon ya fi mata duka ciwo.

Likita ta ce, "Kin ga inda matsalar take. Madara tana riƙe maganin a cikin hanji. Ba ya shiga jini duka. Kina sha, amma jikinki ba ya samun rabonshi."

Hawaye suka zubo wa Auta.

Likita ta miƙa mata hankici. "Kin yi kuskure, amma kin kyauta da kika faɗa. Da na ƙara ƙarfin, ran da kika koma sha da ruwa zai iya yi maki yawa. Zuciya ta yi ta bugawa, hannu na rawa, ki kasa barci."

Auta ta share ido. "Shi ke nan na rabu da madarar Kyalla?"

Likita ta yi dariya. "Wa ya ce? Ki sha abinki. Ƙwaya dai ta riga shiga, ki ba ta lokaci. Ku dawo nan gaba mu sake auna jinin."

"Zan warke kafin girbi?"

"A hankali ya tafi, a hankali zai dawo. Ki yi naki, ki bar wa Allah sauran."

Da suka isa gida, Baffa ya faɗi abin da ya faru. Dada ta tafa hannu ta yi salati. "Ni na sa ta. Wallahi ni na ce ta sha."

Auta ta ce, "A'a, Dada. Ni likita ta faɗa wa, ba ke ba. Na sani, na yi."

Sai a lokacin Baffa ya yi magana. Ya ce, "To, tunda kin san haka, gobe ki je ki faɗa wa Malam da bakinki."

Ta je. Ta faɗa mashi komai. Malam ya ce, "Ran da aka gama yankan gero zan saurare ki. In kin karanta daidai, kina cikin 'yan sauka."

Daga ranar Auta ta canza tsari. Da dare sai ta ajiye kofin ruwa kusa da tabarmarta, ta rufe da faifai. Tana buɗe ido da asuba, sai ƙwaya da ruwa. Sai alwala, sai salla. Sai ta zauna ta yi bitar karatunta har gari ya waye. Sannan ta je ta tatsi Kyalla.

Dada kuwa ta zama mai gadi. In Auta ta leƙo murhu da wuri, sai ta ɗaga muciya.

"Tahi can! Ƙwaya ba ta gama tahiya ba."

"Dada, ɗanɗanawa kawai zan yi."

"Ko sansanawa ban yarda ba. So kike likita ta aiko a kama ni?"

Da farko ba abin da ya canza. Sanyi na nan, murya na nan a shaƙe. Wata rana Auta ta ce, "Inna, ba ya aiki."

Inna ta ce, "Gero ma ba ranar shuka yake fitowa ba. Ci gaba."

Ta ci gaba. Wata safiya tana bita, sai ta ji Inna ta daina shara ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Karanta in ji. Muryarki nake saurare."

Da aka sake auna jini, likita ta yi murmushi. Ta ce ya kusa daidaita, a ci gaba a haka.

Aka gama yankan gero. Malam Rabi'u ya buɗe Alƙur'ani, ya nuna mata shafi. Ajin ya yi tsit. Auta ta yi bisimilla. Muryar ba ta gama dawowa kamar da ba, amma ta fito tar. Ta ɗan tsaya a wuri ɗaya, ta gyara da kanta, ta wuce har ƙarshe.

Malam ya rufe littafin. Ya ce, "Ki ce wa Innarki ta fito da hijabi."

Shafa'atu ta manta a aji take, ta yi tsalle.

Ranar walima, Auta ta tsaya kusa da ƙawarta cikin hijabi ruwan ganye. Ta karanta gaban kowa. Baffa yana can cikin maza yana ta gyara hula. Dada ta zo da babbar ƙwarya ta fura, da nonon Kyalla aka dama. Duk wanda ta zuba wa sai ta tambaye shi, "Kana shan ƙwayar wuya? In kana sha, jira tukuna."

Auta ta sha furarta har ta ƙoshi, don tun asuba ƙwayarta ta wuce.

To, yara 'yan'uwana, abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Shan magani kaɗai bai isa ba, sai an sha shi yadda likita ta ce. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya duka, ba rabi ba. Har yau Auta tana shan ƙwayarta, tana zuwa makaranta, lafiyarta ƙalau. Kyalla ma ta sake ɗaukar ciki, Dada ta ce in mace ce za a saka mata suna... wayyo, Inna na kirana, na bar tukunya a kan